Gansakuka, kainuwa da kachala: yadda takin birnin Kano ya yi ɓatan kai ya faɗa ruwa

1/
Duk wanda ya taso a ƙauyukan arewacin Kano ya san gansakuka, ya san kainuwa, yanzu kuma ya san kachala. Amma ba kowa ne yake tambayar inda suka samo ƙarfin da suke da shi yau ba. Amsar tana cikin tarihin jaki, da dam, da kwatar birni. Zaren da tsawo, ku gyara zama. 🧵

2/
Magana ɗaya nake so in kafa: ciyawar da take cinye mana ruwa, taki ne ya haife ta. Abin da a da ake lodawa a mangala a kai gona, shi ne yau yake bin kwata ya je ya taru a dam. Duk maganin da bai taɓa nan ba aski ne kawai, gashi zai sake tsirowa.

3/
Bari mu fara raba su, don mutane suna haɗa su a kwando ɗaya. Gansakuka ita ce koren nan mai santsi da yake kama dutse da bangon rijiya, ko ya rine ruwa gaba ɗaya ya koma kamar miyar kuka. Ba ta da saiwa, ba ta da ganye. A cikin ruwan take cin abincinta kai tsaye.

4/
Kainuwa tana da ganye da saiwa, amma saiwar a ruwa take lilo, ba ta taɓa ƙasa. Shi ya sa ake mata kirari da dashen Allah. Kachala kuwa doguwar ciyawa ce mai kai kamar zangarniyar gero, tana wuce tsayin mutum, saiwarta tana tafiya a ƙarƙashin laka tana fitar da sababbin 'ya'ya.

5/
Abin da ya haɗa su uku: suna son hasken rana, suna son ruwa mai zama wuri ɗaya, suna son sinadarai biyu, naitirojin da fosforas. In ka taɓa karanta buhun takin zamani ka ga NPK, to N ɗin da P ɗin kenan. Abin da yake sa masara ta yi kyau shi yake sa ruwa ya yi kore.

6/
To mu koma baya. Kafin zuwan dam, ruwan da ke zama a yankinmu iri uku ne: rijiya, fadama, da kududdufi. Kududdufi kuwa hannun mutum ne ya haƙa shi. Duk garin da aka gina da tubali da jar ƙasa, ramin da aka ɗebi ƙasar yana nan a gefe, damina ta cika shi.

7/
Gansakuka da kainuwa suna cikin kududdufin nan tun fil azal. Amma suna da ajali. Damina wata huɗu ce zuwa biyar. Daga nan ruwa ya dinga ja baya, yara su yi su, su kwashe tarwaɗa, zuwa bazara yawancin ramukan sun bushe ƙurmus, ƙasa ta tsage. Rani shi ne babban mai shara.

8/
Kuma lakar da ta kwanta a gindin ramin ba a barinta. Magina su ɗiba, masu gona su ɗiba. Wato duk abin da ruwa ya wanko daga gari ya tara, kafin wata damina an mayar da wani kaso nasa tudu. Babu wanda ya kira wannan tsari da wani suna, amma tsari ne.

9/
Kar wani ya ce da can komai tsaf yake. Jakara, wadda tarihinmu zai bi, tun a littafin Tarihin Kano an ambace ta da Kurmin Baƙin Ruwa. Kasuwar Kurmi, wadda ake danganta kafuwarta da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, a bakinta take zaune.

10/
Bature Clapperton da ya zo Kano a 1824 ya rubuta labarin wata babbar fadama da ta kusa raba birnin biyu, ga ramukan gini cike da ruwa mai wari. Barth ma da ya zo a 1851 ya ga Jakara, ya kuma ƙiyasta mazauna birnin da mutum 30,000. Ku riƙe wannan adadin, za mu dawo kansa.

11/
Me ya hana dattin mutum dubu talatin, daga baya dubu ɗari, ya kashe ruwan da ke ƙasa da birni? Wani ɓangare na amsar: dattin yana da kasuwa. Ƙasar da ta kewaye Kano tana cikin yankunan karkara mafi cunkoso a Afirka ta Yamma, kuma gonakinta ba sa hutawa.

12/
Masanin nan Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Jami'ar Bayero, ya yi nazarin wannan yanki tun shekarun 1960. Abin da ya ɗaure wa masana kai shi ne: ta yaya ake noma gona ɗaya kowace shekara, ba saura, ba hutu, a ƙasa mai yashi, kuma ba ta mutu ba?

13/
Amsar da kowane dattijo a Minjibir ko Ungogo zai ba ka ba tare da ya buɗe littafi ba: taki. Da rani jakuna suke shiga birni da itace da hatsi da kara, su fito da mangala cike da juji: tokar murhu, kashin awaki da tumaki, sharar tsakar gida. A kai gona a zuba tsibi-tsibi.

14/
A cikin ƙauyen ma haka abin yake juyawa. A shekarun 1990 Frances Harris ta bi diddigin gonaki a Tumbau, arewa maso gabashin birni. Harawar wake da ta gyaɗa ta tafi ga dabbobin da aka ɗaure a turke, takinsu ya dawo gona, gawo ya zubar da ganye, ƙurar hunturu ta ƙara nata.

15/
Ku dubi hoton da kyau. Gona ta ba birni abinci, birni ya mayar wa gona da taki. N da P suna zagayawa tsakanin tukunya da kunya, kaɗan ne yake zillewa ya faɗa rafi. Jakin nan da muke rainawa, shi ne matatar dattin Kano ta farko, ba ya cin dizal, ba ya jiran kwangila.

16/
Abu uku ne suka tsinka wannan igiya, kuma kusan lokaci ɗaya suka zo. Na farko yawan jama'a. A ƙidayar 1952 birnin Kano bai wuce mutum dubu 130 ba. Yau ana maganar miliyan huɗu ko fiye. Babu adadin jakunan da zai kwashe dattin miliyan huɗu.

17/
Kuma dattin kansa ya canza kama. Leda ta shigo, da batir, da fasasshiyar kwalba, har manomi ya fara gudun jujin birni don sai ya tsince shi kafin ya zuba. Ruwan wanka da wanki da na banɗaki kuwa, tunda birnin ba shi da babban bututun najasa da ya haɗe unguwanni, kwata yake bi.

18/
Kwatar tsohon birni da Fagge da Sabon Gari, mafi yawanta Jakara take nufa. Jini da tumbi na mahauta, can suke zuba. Rafin Getsi kuma ya ɗebo ruwan masana'antun Bompai ya haɗe da ita. Rafin da a da rani yake busar da shi, yanzu shekara yake yi yana gudu, amma ba da ruwan sama ba.

19/
Abu na biyu takin zamani. Daga shirin ciyar da ƙasa na gwamnatin Obasanjo a 1976, zuwa kafa KNARDA a farkon shekarun 1980, buhun taki mai rangwame ya shiga kowane ƙauye. Ya ƙara amfani, babu musu. Amma abin da shuka ba ta sha ba, ruwan sama na farko yake wanke shi zuwa kwari.

20/
Abu na uku, wanda ya fi kowanne nauyi: dam. Audu Bako ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, kuma a tsakiyar mulkinsa aka yi farin 1972 zuwa 1974. Dabbobi suka mutu, gyaɗa ta faɗi, rijiyoyi suka ƙafe. Duk wanda ya ga wannan zai fahimci dalilin da ya sa aka ce a tare ruwa.

21/
Aka yi Bagauda, aka gama Tiga a 1974. A arewacin jihar aka yi Tomas a wajen Dambatta, Gari a wajen Kunchi, Watari a Bagwai, da dam ɗin Jakara a Wasai ta ƙasar Minjibir, wanda aka kammala a 1976. Ni dai ban ga wanda zai ce waɗannan ba su amfane mu ba. Noman rani da su ya tsaya.

22/
Sai dai ku lura da abin da aka yi a Wasai. An ɗauki rafin da yake kwashe dattin birni mafi girma a Arewa, aka gina masa bango a gaba. Ruwa ya tsaya, laka ta kwanta, rana ta doka. Hasken rana, ruwa mai zama, N da P. Sharuɗɗa ukun nan da na lissafa a sama sun cika cif.

23/
Ga yadda abin yake aiki. Gansakuka ta samu abinci ta ninka kanta cikin 'yan kwanaki. Da rana tana fitar da iskar oksijin, da dare kuma ita ma shaƙa take yi. In ta yi yawa, kafin asuba ta zuƙe iskar da ke cikin ruwan. Shi ya sa kifi yake tasowa sama yana haki da sassafe.

24/
In ta mutu kuma ta nutse, ƙwayoyin da suke ruɓar da ita su ƙara cinye sauran iskar, wari ya tashi. Tarwaɗa tana jurewa don tana iya leƙowa ta shaƙi iska. Ƙarfasa tana ɗan daurewa. Kifayen da ba su da wannan juriyar su suke fara ɓacewa daga komar masunci.

25/
Akwai kuma wani nau'i mai shuɗi-shuɗi da yake kwanciya a saman ruwa kamar an zubar da fenti. Wasu irinsa suna fitar da dafi mai lalata hanta. Tun a 1878 aka rubuta yadda ya kashe tumaki da dawaki da karnuka a tafkin Alexandrina na Ostareliya. Makiyayi ya ga irin wannan, ya kora garkensa gaba.

26/
Kainuwa kuma in ta rufe ruwa, ta tare haske, ta zama ɗakin kwanan sauro. Ƙananan dodon-koɗin da suke ɗauke da ƙwayar tsargiya a jikin irin waɗannan ciyayi suke maƙalewa suna kiwo. Yaron da yake fitsarin jini a ƙauyen bakin dam, akwai hannun ciyawar nan a ciwonsa.

27/
Yanzu kachala. Labarinta mafi girma a gabashinmu ya faru, a ƙasar Hadejia, wadda har 1991 cikin Jihar Kano take. Dole mu leƙa can, domin abin da ya same su shi ne yake tahowa magudanan ban ruwanmu a hankali, kuma ruwan da ya jawo musu shi daga dam ɗinmu yake fitowa.

28/
Kafin Tiga, kogin Hadejia numfashi yake yi. A watan Agusta da Satumba ya cika ya yi ambaliya, ya share hanyarsa, ya malale fadamun Hadejia da Nguru. Da rani ya janye har ya bar yashi. Manomi ya shuka shinkafa a ruwa, ya bi sahun ruwan da wake, Bafulatani ya zo da shanu, masunci ya samu rabonsa.

29/
Kachala tana nan a lokacin, amma a 'yan lunguna. Ba ta son ambaliya mai ƙarfi, ba ta son doguwar bushewa. Abin da take so shi ne ruwa marar zurfi, daga gwiwa zuwa ƙugu, wanda zai zauna shekara ba ya tafiya. Kogin da can ba ya ba ta wannan.

30/
Da aka gama Tiga a 1974, sannan Challawa a ƙasar Karaye a 1992, sai numfashin ya tsaya. Babbar ambaliyar ta ragu, aka koma sako ruwa kaɗan-kaɗan har cikin rani don noma da ruwan shan birni. Laka ta daina tafiya, ta kwanta a hanya. Kachala ta ce bismillah.

31/
Kan kachala ɗaya yana ɗauke da iri dubun dubata, iska take kwasarsa kamar auduga. Inda ta kama, takan rage gudun ruwa, laka ta ƙara kwanciya, wuri ya ƙara zama marar zurfi, ita kuma ta ƙara samun fili. Da kanta take gina gidan da za ta zauna.

32/
A haka ta toshe hanyoyin ruwa irin su Marma da Burum Gana da tsohon kogin Hadejia. Sakamakon ya zo ta fuska biyu: wasu garuruwan ruwa ya cinye musu gonaki ya ƙi tafiya, wasu can ƙasa ruwan ya daina isa gare su. Wannan yana kuka da ruwa, wancan yana kuka da ƙishi, kogi ɗaya.

33/
Ga kuma jan baki. Tsuntsun nan ya samu masauki da babu mai iya shiga ya tashe shi. Ya kwana a kachala, da safe ya sauka a gonar shinkafa da gero. Tafkin Nguru da hanyar Marma sun shiga jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2000, a daidai lokacin da ciyawar take shaƙe su.

34/
Ba mu kaɗai ba ne. A kogin Senegal an kammala dam ɗin Diama a 1986 don hana ruwan gishiri na teku hawowa. Ruwan daɗi ya tsaya cik a bayansa, kachala ta mamaye gaɓar Senegal da ta Muritaniya. Kogi daban, gwamnati daban, ciyawa ɗaya, dalili ɗaya.

35/
To me aka gwada a wajenmu? An yi gayya da adda da lauje, maza cikin ruwa har ƙirji. An cinna wuta da rani. An yi feshi. Hukumar kogin Hadejia da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, da gwamnatin Jigawa sun sa injinan haƙa masu shiga ruwa. Hanya takan buɗe, bayan ɗan lokaci ta sake rufewa.

36/
Dalilin yana ƙarƙashin laka. Wuta ganye take ci, saiwa tana nan da ranta, tokar ma ta zama mata taki. Yankan da yake aiki shi ne na ƙasa da saman ruwa, don ta ganyen take tura iska zuwa saiwa. In ruwa ya rufe kututturen na makonni, sai ta shaƙe. Wannan ma sai an maimaita.

37/
Amma ko yankan ya yi kyau, in ruwan bai sauya hali ba, irin da iska ta kawo zai sake tsirowa. A nan ne nake so mu ɗan fita waje, mu ga wuraren da aka ci nasara a kan koren ruwa, da abin da suka taɓa har suka ci.

38/
A 1973, a wani ƙaramin tafki a Ontario ta Kanada da ake kira Tafki na 226, David Schindler da abokan aikinsa suka raba ruwan biyu da labule. Ɓangarorin biyu aka zuba musu naitirojin da kabon. Ɓangare ɗaya kaɗai aka ƙara wa fosforas. Shi kaɗai ya rine ya koma kore shar.

39/
Hoton tafkin nan daga sama, rabi kore rabi garau, ya taimaka wajen sa gwamnatoci su rage fosforas a garin sabulun wanki, su kuma tilasta cire shi daga ruwan najasa. Ba su ƙirƙiro sabon lauje ba. Cokalin da yake ba gansakuka abinci suka janye.

40/
A teku ma haka. A gaɓar Kaneohe ta Hawai, najasar gari ta yi shekaru tana zuba a kan duwatsun murjani, har wata koriyar gansakuka mai kumfa-kumfa ta lulluɓe su. A 1977 da 1978 aka karkatar da bututun zuwa can cikin teku. Cikin 'yan shekaru ruwa ya washe, murjani ya fara farfaɗowa.

41/
Darasi na biyu daga Jamaika. A can akwai wata halitta mai ƙaya kamar bushiya da take kiwo a kan murjani tana cinye gansakuka. Kifayen da suke tayata an riga an kame su. A 1983 annoba ta kashe kusan dukkan bushiyoyin. Makiyayi ya mutu, ciyawa ta samu sarari.

42/
Terence Hughes ya auna abin: daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa farkon 1990, murjani a gaɓar Jamaika ya faɗo daga kashi 52 cikin 100 zuwa 3, gansakuka ta tashi daga 4 zuwa 92. Shi ya sa a Kaneohe, da wata baƙuwar ciyawa ta addabe su, tun 2011 suke ƙyanƙyasar bushiyar ruwa suna sakewa.

43/
Masu kiwon murjani da kifin teku a akwatin gilashi a ɗakunansu sun haddace wannan karatu. In gilashi ya fara kore, sai su auna N da P na ruwan, su rage abinci, su rage awannin fitila, su canza wani kaso na ruwan, su saka dodon-koɗi da kifi masu kiwo. Kankarewa da hannu taimako ne kawai.

44/
Ba sai mun je Hawai ba ma. Tambayi duk mai kiwon tarwaɗa a tankin siminti ko na tamfol a Dawanau ko Bichi. Ya san in ya cika abinci, ruwa zai yi kore ya yi wari, kifi ya taso. Ya san maganin: rage hannu, sauya ruwa, yi inuwa. Dam ɗin Wasai tankin nan ne, girma kawai ya fi shi.

45/
Bambancin shi ne mai tanki shi yake zuba abincin, shi kuma yake asara, don haka yana gyarawa da wuri. A Jakara kuwa, mai zubawa yana birni, mai asara yana ƙauye. Wanda ya tura kwatar gidansa rafi a Fagge bai taɓa ganin komar masuncin Wasai ba. Nan gizo yake saƙar.

46/
A wa'adin Kwankwaso na biyu an fara rufe Jakara a cikin birni ana shimfiɗa titi a kanta. Ga mazauna bakin rafin, an rage musu wari da sauro, kuma hakkinsu ne. Amma ruwan da ke gudu a ƙarƙashin kwalta bai canza ba. Ido ya daina gani, dam bai daina karɓa ba.

47/
Kuma a faɗi gaskiya, wannan ruwan yana ciyar da mutane. Masu lambu a bakin Jakara, daga Nomansland zuwa Kwakwaci har gaba, da shi suke noman latas da alayyafo da kabeji duk rani, don ruwa ne mai taki a ciki. Su ne suka gaji aikin jakin nan, su kaɗai suke mayar da N da P tudu.

48/
Matsalar ita ce ba taki kaɗai ke cikinsa ba. Ruwan masana'antu, musamman na jima, yana ɗauke da ƙarafa masu guba irin su kuromiyam, ruwan banɗaki kuma yana ɗauke da ƙwayoyin cuta. Takin jaki daga murhu da turke yake. Wannan kuwa an cakuɗa alheri da sharri a kwata ɗaya.

49/
Shi ya sa nake jan hankalin masu cewa a kwashe kainuwa da gansakukar dam a yi taki ko a ba dabbobi. A Tomas ko Gari, inda ruwan daga gonaki yake gangarowa, shawara ce mai kyau. A ruwan da ya biyo ta Bompai kuwa, ciyawar tana tsotse ƙarafan nan. Sai an auna kafin a kai gona.

50/
Kachala ita ma tana da amfani. Ana rufin ɗaki da ita, ana saƙa tabarma, a Senegal da Muritaniya har gawayi ake yi da ita. Duk abin da zai sa talaka ya samu kuɗi in ya yanke ta, ina goyon baya. Amma kasuwar gawayi ba za ta dawo wa kogi da numfashinsa ba.

51/
In da za a tambaye ni abin da tarihin nan yake koyarwa, zan jero huɗu. Ɗaya: a raba ruwan masana'anta da na gida tun daga tushe, kowace masana'anta ta tace nata kafin ta saki. Doka tana nan a rubuce, aiwatarwa ake nema.

52/
Biyu: ruwan gida a bi da shi ta jerin tafkunan tacewa kafin ya isa Wasai. Abin dariyar shi ne, a irin waɗannan tafkuna gansakuka da kachala su ne ma'aikatan: a killace su, su cinye dattin, a girbe su. Ƙasa mai rana irin tamu ta fi kowa dacewa da wannan, kuma ba ya buƙatar wutar NEPA.

53/
Uku: dam ya koyi numfashi. A saki ruwa da ƙarfi a lokacin da kogi ya saba cika, a bar magudanai su bushe na wasu makonni da rani. Wannan yana nufin zama da manoman rani, da hukumar ruwan sha, da mutanen Jigawa da Yobe a tsara kalanda. Da wuya, amma injin haƙa ma ba arha ba ne.

54/
Huɗu, namu na ƙauye: taki a binne shi a gindin shuka maimakon a watsa ana jiran hadari. A bar ɗan zirin ciyawa tsakanin gona da bakin ruwa. A daina kame 'ya'yan ƙarfasa da raga mai ƙananan ido, don su ne bushiyar ruwanmu. A yashe kududdufi da rani, lakar ta koma gona kamar da.

55/
Ba cewa nake a rushe dam a koma zamanin jaki ba. Mutum miliyan huɗu ba za su koma dubu talatin ɗin Barth ba. Abin da kakanninmu suka gane shi ne datti dukiya ce in ya je inda ya dace. Mu mun iya tare ruwa, amma hanyar mayar da takin gona ce muka bari ta shafe.

56/
Yau manomin Minjibir yana cin bashi ya sayi buhun NPK, alhali N da P ɗin da birni ya zubar kyauta suna kwance a dam ɗin da ke bayan gonarsa suna kiwon gansakuka suna kashe masa kifi. Sau biyu yake biya: a shagon taki, da a bakin ruwa.

57/
'Yan Dambatta, Makoda, Kunchi, Bagwai, Minjibir da Gezawa, ku tambayi dattawanku yaushe suka fara ganin kachala a garinku, kuma wane kifi ne ya daina fitowa. Ku rubuta da shekara da sunan wurin. Wannan tarihin a bakinsu yake, kuma ba za su dawwama ba. Allah Ya ba mu damina mai albarka. Ƙarshe.